Wutar Cek Injin: Nasiha Ga Direbobin Hanyar Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Ni bakanike ne a nan Ƙauran Namoda, kuma akwai abin da nake yawan gani a gareji da ya daɗe yana damuna.

Cikin hunturun da ya wuce wani direba ya kawo mini Hilux mai fetur, wadda yake lodin hatsi da ita zuwa kasuwar Shinkafi. Ya ce, "Oga, motar nan ba ta ja. Tana kakkarwa a sulo, in na taka totur sai ta yi kamar za ta shaƙe." Da na leƙa ciki, sai na ga ya manna baƙin salatif a kan wutar cek injin don kada ta dame shi. Sau biyu an canza masa sensar salansa a wani wuri, an goge lambar matsalar da ke kunna wutar, bayan kwana uku ta dawo.

Na jona kwamfuta, ta nuna P0171. Waɗannan lambobi na tsarin OBD-II ne, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Ma'anar wannan lambar ita ce iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Injin fetur yana son awo 14.7 na iska a kan awo 1 na mai. Sensar da ke jikin salansa ita ke shinshina hayaƙi ta kai rahoto. Idan mai ya gaza, ƙwaƙwalwar motar takan ƙara shi da kaɗan-kaɗan, in ƙarin ya wuce iyaka sai ta kunna wuta. Injin mai gefe biyu, V6 ko V8, yakan ƙara da P0174 don ɗaya gefen. To, sensar nan ɗan aike ce kawai, kuma ba a dukan ɗan aike don saƙon da ya kawo.

Na duba yawan man da ƙwaƙwalwar ke ƙarawa. A sulo ya yi sama sosai, da na ɗaga injin zuwa juyi 2,500 a minti sai ya sauko. Wannan alama ce ta iskar sata, wato iskar da ke shiga injin ta ɓarauniyar hanya. Na bi babban tiyon da ya taso daga eya-kilina ina lanƙwasa shi da hannu, sai ga tsaga a ƙarƙashinsa, tsawon ɗan yatsa, bakinta duk jar ƙura. Zafin rana da gargadar hanya sun cinye robar. Muka sa sabon tiyo, injin ya kwanta lafiya lau.

Da a ce ƙarin yana hawa ne idan an taka totur, sai in nufi wajen mai: famfon da ya gaji, filta ko nozul da suka toshe, ko sensar da ke auna iska da ƙura ta lulluɓe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawa suna yawo da tanki kusan wayam, alhali man ne ke sanyaya famfon. Ga kuma man bumburutu da ke zuwa da ruwa da datti a jarka.

Injin da ke ƙishin mai yana ɗaukar zafi fiye da kima, musamman da lodi. Yakan ƙona fulogi da bawul, har ya huda fistin. Kowa kuma ya san halin tsaron da muke ciki. Mota ta mutu maka tsakanin Ƙaura da Zurmi da yamma, magana ta wuce ta kuɗin gyara, ta koma ta ranka da na yaran motarka.

Don haka ina roƙonku:

Idan wutar ta kama, a kai a karanta lambar. Idan tana ƙiftawa, a sassauta totur, a nemi gari mafi kusa a tsaya.

Kada ka yarda a goge lamba ba a gano dalilinta ba, kuma kafin ka sayi kayan gyara ka ce a nuna maka gwajin da aka yi.

A riƙa duba eya-kilina duk mako a lokacin ƙura, kada kuma a bar tanki ya gaza kwata.

Ku kuma abokan sana'ata, mu ji tsoron Allah da kuɗin mutane, mu gwada kafin mu canza. Allah Ya kai kowa gida lafiya.