Darasi na 9: Kirci, ciwon fatar da ba a ɗauka

Manufa: mu gane kirci, mu bambanta shi da ƙazuwa, mu daina zubar da kuɗinmu wajen sayen man shafawa barkatai.

Mene ne kirci?

Kirci, wanda ma'aikatan lafiya ke kira ekzima, yana sa fata ta bushe, ta yi kaushi, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Wurin yakan yi duhu, ko ya yi kamar an barbaɗa toka. A kumatu ya fi fito wa jarirai, yaran da suka tasa kuwa a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Yakan bi jini, musamman a gidan da ake da mai asma. Yakan lafa, ya sake tashi.

Ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa. Kada a ware yaro ko a hana shi cin abinci da 'yan'uwansa. Ƙazuwa ce ake ɗauka: ita takan kama mutanen gida da yawa lokaci guda, ta fi fitowa a tsakanin yatsu, maganinta ma daban ne.

Me ke tayar da shi?

Iskar hunturu, ƙura, zufa, sabulu mai ƙarfi, turare da tufafin leda. Masu yawan wanki da masu sana'ar haɗa sabulu, ku kula da hannuwanku, ku riƙa sa safar hannu.

Abin yi a gida

1. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a gaggauce, ban da dirza da soso.
2. Da an tsane jiki a shafa man kaɗanya ko Vaseline marar turare, aƙalla sau 2 a rana, ko da ciwon ya lafa.
3. A yanke wa yaro farce, a sa masa rigar auduga.
4. Kada a shafa man bilicin ko haɗe-haɗen kasuwa. Wasu kan kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma suna sa fata ta yi siriri ta lalace.

Yaushe za a je asibiti?

In wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo ruwan ɗorawa, ko yaro na zazzaɓi, a tafi ranar nan. In ba kuɗi a hannu, a yi wa shugabar ƙungiya magana kan asusun taimakon gaggawa. Man da likita ya rubuta a shafa shi iya kwanakin da ya ce.

Mu tattauna: nawa kowaccenmu ta kashe a kan man fata a hunturun bara? Ya yi amfani?