Ɗan da Ya Tafi da Uwar da Ta Bi Sawu: Darasi Daga Shaihu Umar



A zaman karatunmu na watan jiya, wata baiwar Allah ta tambaye ni wane littafin Hausa ya dace ta fara karanta wa 'ya'yanta da aka haifa a nan Ingila. Ban yi dogon tunani ba na ce mata Shaihu Umar. Da na koma gida sai na ɗauko nawa na sake bin sa, domin rabona da shi tun ina sakandare. A wancan lokacin abin da ya riƙe ni shi ne kura da mahara da guguwar hamada. A wannan karon kuwa uwar yaron ce ta hana ni barci, kuma a kanta nake so mu yi darasin yau.

Asalin littafin

Abubakar Tafawa Balewa ne ya rubuta Shaihu Umar yana malamin makaranta, shekaru da dama kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Ya shigar da shi gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. An buga shi a 1934. Mervyn Hiskett ya mayar da shi Turanci a 1967, kuma a 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa.

Labarin yana buɗewa ne a Rauta, kusa da Bauci, inda almajirai suka tambayi malaminsu asalinsa. Sai ya ba su labari. Maraya ne shi tun yana ƙarami. Uwarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki, wanda mahassada suka ƙulla wa sharri har aka kore shi daga gari. Uwar ta tafi ganin iyayenta a Fatika, ta bar yaron amana, sai aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu ya kai Kano, daga nan wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetara hamada da shi zuwa Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami.

Hanyoyi biyu

Idan mai karatu ya lura, zai ga mutum biyu ne suka ƙetara hamadar nan, kuma kowa da abin da ya tarar. Ɗan ya shiga a matsayin bawa, ya fito yana Shaihu. Uwar kuwa ta fito daga gida tana 'ya mai 'yanci, ta bi sawunsa har Kano, aka yaudare ta da alkawarin za a kai ta wurinsa, aka sayar da ita. Ta sha bauta da cuta har ta ƙare a Tarabulus. A can Allah Ya haɗa su, bayan ƙarfinta ya ƙare, kuma ba ta daɗe ba ta rasu.

Littafin sunan ɗan yake ɗauke da shi, almajirai kuma a gabansa suke durƙusawa. Amma wadda ta biya farashin labarin ba ta ci moriyar karatun ba ko da kwana ɗaya. Balewa bai tsaya yi mana wa'azi a kan haka ba. Ya jera hanyoyin biyu ne kawai, ya bar mu mu auna.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a duba. Marubucin bai mai da Abdulkarim mugu ba. Mutum ne mai kirki, ya ciyar, ya tufatar, ya ilimantar. Duk da haka, alherinsa bai goge yadda yaron ya zo hannunsa ba, kuma bai cike gurbin uwa ba. Umar yana cikin wadata da girma mafarkin mahaifiyarsa ya tayar masa da hankali, har ya kasa zama.

Wannan jigo ba baƙo ba ne ga Musulmi. Mun san ƙissar Annabi Yusuf, wanda aka sayar aka kai Masar ya ɗaukaka, alhali mahaifinsa Annabi Yakubu yana can baƙin ciki ya tafi da ganinsa. Mun san mahaifiyar Annabi Musa da halin da zuciyarta ta shiga bayan ta saka jaririnta a kogi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su. A ƙissoshin biyu Allah Ya mayar da ɗa ga mahaifi tun ana iya morar juna. Uwar Umar kuwa haɗuwar bankwana ta samu, kuma irin nata rabon shi ne ya fi kama da na mafi yawan mutane.

Wahalar da ke cikin gida

Shekaru fiye da hamsin bayan haka, a 1990, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. A nan babu mahara, babu hamada. Maigida ne, Alhaji Abdu, ya ƙaro aure ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci, da shi ta ciyar da su, ta riƙe karatunsu, har ta aurar da 'yarta Saudatu. Da dukiyar Alhaji ta ƙone, amarya ta juya masa baya, sai aka dawo ana roƙon Rabi ta koma ɗakinta.

Bambancin littattafan biyu shi ne inda masifar ta fito. A na Balewa daga waje ta faɗo wa iyali, a na Balaraba kuwa uba ne da kansa ya jawo ta. Amma a duka biyun kafaɗar uwa ce ta ɗauki kayan. Balaraba ta ƙara mana da abu guda: ta shigar da mu ɗakin uwar, muka ga lissafin cefane da kuɗin makaranta, abin da mai ba da labari a Rauta bai gani da idonsa ba.

Abin da ya shafe mu

Mu da ke zaune a ƙasashen waje muna tsaye ne a wurare biyu cikin wannan labari.

Na farko, mu ne Umar. Ba sato mu aka yi ba, da ƙafarmu muka zo, amma da yawanmu wata ce ta sayar da akuya ko ta ci adashi kafin mu hau jirgi. Ni kaina shekara huɗu ina ɗaga zuwa gida, kullum da uzuri, yau aiki gobe tsadar tikiti. Ina aika kuɗi a kan kari, ina ganin na sauke nauyi. Ran nan a waya mahaifiyata ta ce mini saƙo yana isowa, amma saƙo ba ya gaisuwa. Umar bai san inda tasa take ba. Mu kuwa lambar tana cikin aljihunmu, don haka uzurinmu ya fi nasa rauni.

Na biyu, mu ne iyayen da 'ya'yansu ke tashi a hannun wasu. Makaranta tana ɗaukar su tun safe, tana ba su ilimi da harshen da ba namu ba. Wannan alheri ne, kamar na Abdulkarim. Sai dai idan yaro ya kai ga ba ya iya gaishe da kakarsa sai an yi masa tafinta, to an samu hamada a tsakaninsu ko da suna zaune a falo ɗaya. Haka kuma a cikinmu akwai irin su Rabi, matan da ke riƙe da yara su kaɗai a garin da babu dangi, kunya ta hana su faɗa. Haƙƙin ƙungiya ne ta neme su tun kafin su nema.

Tambayoyin zama mai zuwa

Ga abin da nake so kowa ya zo da amsarsa. Da uwar Umar ce ta ba da labarin, daga ina za ta fara, kuma me za ta ce game da Abdulkarim? Komawar Rabi gidan mijinta haƙuri ne ko tilas? Sannan ta ƙarshe, wadda ba sai an amsa a bainar jama'a ba: wa ya biya farashin zuwanka nan, kuma 'ya'yanka sun san sunanta?

Mai littafin ya taho da shi, domin za mu karanta babin Tarabulus tare da yara.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye, Ya shirya mana zuriya. Amin.