DARASIN KASUWA: NAWA NE KUƊIN GUDA ƊAYA?

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mun iya ciniki. Mukan taya, mai kaya ya ce albarka, mu ƙara kaɗan har ya sallama. Duk da haka mukan komo gida da hasara ba mu sani ba, gama kuɗin tari muka ji, ba mu bincika kuɗin guda ɗaya ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne, sai dai in kaya biyu ba yawansu ɗaya ba, ido yakan ruɗe. A nan sai lissafi.

Ka'idar ke nan: mu raba kuɗin kayan da yawan kayan. Abin da ya fito shi ne kuɗin guda ɗaya. Kuɗin da muka sa a nan na misali ne, gama farashi yana sākewa, amma ka'idar ba ta sākewa.

1. Abin da a ke ƙirgawa. Wata tana sayar da ƙwai 6 a kan naira 900. Wata kuma ƙwai 10 a kan naira 1,400. In mun raba 900 gida 6, kowane ƙwai naira 150 ne. In mun raba 1,400 gida 10, kowane ƙwai naira 140 ne. Ashe wadda ta faɗi kuɗi mai yawa ita ce mai araha.

2. Abin da a ke aunawa. A jikin leda ko gwangwani a kan rubuta nauyin abin da ke ciki. Mu tuna giram 1,000 ne kilo ɗaya, mililita 1,000 kuma lita ɗaya. A ce garin sabulu mai giram 200 naira 500 ne, mai giram 500 kuwa naira 1,400. Sai mu nemi kuɗin giram 100 na kowannensu. A ƙaramin akwai giram 100 sau 2, wato naira 250. A babban akwai sau 5, wato naira 280. Ga shi babban ya fi tsada. Kada fa mu ɗauka babban ƙunshi kullum shi ne mai sauƙi.

3. Buhu da mudu. A ce mudun masara naira 1,400 ne, buhu kuwa naira 48,000, kuma mudu 40 ke cikinsa. Kafin mu raba, sai mu ƙara kuɗin dako da na mota, a ce naira 2,000. Duka 50,000 ke nan. In an raba gida 40, kowane mudu ya tsaya naira 1,250. Ragin naira 150 a mudu kamar ba kome ba ne, amma a buhu guda naira 6,000 ne. Gidan da ke cin buhu 6 a shekara ya tsirar da naira 36,000.

Wannan ya nuna mana abu mai ban tausayi: wanda ba shi da hali, mai awo kullum, shi ne ya fi biya da tsada. Maganinsa shi ne gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, su sayi buhu ɗaya, su raba da mudu ɗaya a gaban kowa. Zumuntar mata tana iya shirya wannan.

Abubuwa uku da za mu lura da su.

Na fari, mudu ba ɗaya ba ne a ko'ina. Na wannan gari dabam, na wancan dabam, wani kuma an buga gindinsa ya shige ciki. In mudu biyu ba girmansu ɗaya ba, lissafinmu ya ɓaci. Ya fi kyau mu ajiye namu a gida, mu sāke auna abin da muka sayo.

Na biyu, mu duba kyan kaya. Wake mai ƙwari ko shinkafa mai tsakuwa, in an tsince, mudun ya ragu. Araha ba ta ado.

Na uku, mu sayi abin da za mu iya amfani da shi. Kwandon tumatir yana da sauƙi, amma in rabinsa ya ruɓe, mun biya ninki biyu a kan wanda muka ci.

Iyayenmu sun yi wannan lissafi da wuya, gama kwabo 12 ne sule, sule 20 kuma fam. Tun da aka kawo naira a 1973 rabawa ta yi sauƙi. Yau kuwa ko ƙaramar waya tana da wurin lissafi. Mu koya wa yaranmu tun kafin mu aike su kasuwa.

Aikin gida.

1. Turmin atamfa mai yadi 6 naira 15,000 ne. Nawa ne yadi ɗaya?
2. Man gyaɗa lita 1 naira 3,000, jarka mai lita 5 naira 14,000. Wanne ya fi araha?

Amsa: (1) Naira 2,500. (2) Jarka, gama litarta naira 2,800 ce.