Juyin Hannu da Lokacin Saki a Wasan Golf

Ɗaliban da ke bi ta wajen filin golf na Kano, wanda ba shi da nisa da Nasarawa GRA, sun sha ganin wani abin mamaki. Ƙaton mutum zai ɗaga sanda ya buga da iyakar ƙarfinsa, ƙwallo ta karkace ta faɗa cikin itatuwa. Sai yaron da ke ɗaukar masa jaka ya karɓi sandar, ya buga a hankali, ƙwallo ta miƙe sak. Mene ne bambancin? Yaron ya san lokacin da hannu ke juyawa, da lokacin da ake sakin kan sanda.

Bari mu fara da jikinmu. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu akwai ƙasusuwa biyu. Na wajen babban yatsa shi ne radiyus, na wajen ƙaramin yatsa kuma alna. Ka manne gwiwar hannunka a haƙarƙari, ka buɗe tafi sama kamar mai karɓar abu, sa'an nan ka kife shi. Radiyus ne ya gitta kan alna. Wannan juyi shi muke yi kullum in za mu buɗe ƙofa da mabuɗi.

A golf, hannuwa biyu ne ke riƙe da sanda ɗaya, don haka tare suke juyawa. Mai wasa da dama (bahago sai ya juya maganar) in yana ɗaga sanda, tafin hagunsa yana kifewa, fuskar sanda tana buɗewa. In yana saukowa, dole juyin ya warware, har fuskar ta dubi inda ake nufi daidai lokacin da ta taɓa ƙwallo. Bayan bugu, hannun dama ya haye kan na hagu. In juyin ya makara, fuska a buɗe take, ƙwallo ta lanƙwasa dama. In ya yi gaggawa, ta rufe, ƙwallo ta yi hagu. Na'urorin awo na zamani sun nuna cewa inda fuskar ta duba shi ne ya fi rinjaye a kan inda ƙwallo za ta fara nufa.

Ba kuwa damar gyara. Saukowar sanda wajen kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa take ɗauka, haɗuwarta da ƙwallo kuma kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kafin ka ji bugun a hannunka, ƙwallo ta riga ta tafi.

Sai batun saki. Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero da majajjawa ya san shi. Haka ma Dawuda a gaban Goliyat, cikin 1 Sama'ila sura 17: dutse ɗaya ya jefa, ya kuma saki igiya a kan kari. A saman ɗagawa, wuyan hannu yana lanƙwashe, sanda da hannun hagu sun yi kusurwa kamar harafin L. Gwani yakan fara saukowa da ƙafa da ƙugu, ya bar kusurwar nan yadda take har hannuwa su iso wajen cinya. Daga nan nauyin kan sanda da kansa ke miƙar da wuyan hannu. Ɗan koyo kuwa tun daga sama yake watsa kan sanda, gudun ya ƙare kafin a kai ga ƙwallo. A lokacin hunturu, da ƙasar Kano ta bushe ƙamas, wannan kuskure ba ya ɓuya: sanda ta bugi ƙasa tukuna, ta yi tsalle, ta shafi saman ƙwallo, ƙwallo ta gangara kamar an ture ta da ƙafa.

Manya ma sun sha wannan wahala. Ben Hogan na Amurka ya yi shekaru ƙwallonsa na lanƙwasa hagu kafin ya shawo kanta, kuma a littafinsa na 1957 ya yi dogon bayani a kan yadda wuyan hannun hagu ke kasancewa lokacin bugu. A ganina, ɗan koyo ya rage tunanin yatsu. Riƙo mai tsanani shi ne yakan hana juyin zuwa da kansa.

Ga gwaji, sandar tsintsiya ma ta isa. Ka haɗe ƙafafunka, ka sassauta riƙo, ka kai sanda baya zuwa tsayin ƙugu, manyan yatsunka suna duban sama. Ka bar ta ta wuce gaba zuwa tsayin ƙugu, su sake duban sama. Ka kasa kunne: in ƙarar iska ta fito a gabanka ko ɗan wajen hagu, sakin ya yi daidai. In ta fito a wajen kafaɗar dama, ka yi gaggawa. A yi sau ashirin a fili, nesa da tagogin aji.