Littafi Ɗaya, Ra'ayi Uku: Yadda Masu Karatu Suka Karɓi "Maigret tend un piège"

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa idan malami ya nemi ra'ayin ɗalibi a kan wani ƙagaggen labari, amsar ba ta wuce "ya yi daɗi" ko "bai yi armashi ba". Irin wannan amsa ba ta kawo maki a jarrabawa, domin ba ta zo da hujja ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda ake nazarin ra'ayin masu karatu, ta hanyar ɗaukar misali daga wani sanannen littafin binciken laifi da aka rubuta da Faransanci.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Georges Simenon a birnin Liège na ƙasar Beljiyam a shekarar 1903, ya mutu a Lausanne ta ƙasar Siwizalan a 1989. Tsakanin 1931 da 1972 ya fitar da littattafai 75 waɗanda tauraronsu shi ne Jules Maigret, wani babban jami'in 'yan sandan ciki na birnin Faris. Wanda muka zaɓa ya fito ne a 1955, kuma ma'anar sunansa ita ce "Maigret ya ɗana tarko". An mayar da shi fim a 1958 inda Jean Gabin ya fito a matsayin Maigret, sannan a 2016 Rowan Atkinson ya sake hawa wannan matsayi a talabijin ɗin Ingila.

3.0 Labarin a Taƙaice

An kashe mata biyar da wuƙa a unguwar Montmartre, 'yan sanda kuma sun rasa bakin zaren. Bayan Maigret ya tattauna da wani likitan ƙwaƙwalwa, sai ya bari 'yan jarida suka ɗauka cewa an kama mai laifin, domin ya harzuƙa makashin na gaskiya. Ya kuma baza 'yan sanda mata cikin farin kaya a unguwar. Makashin ya far wa ɗaya daga cikinsu, ta kuɓuta riƙe da maɓallin kwat ɗinsa. Wannan maɓalli ne ya kai su ga Marcel Moncin, mai sana'ar ƙawata ɗakuna, wanda uwarsa da matarsa ke ja-in-ja a kansa. Yana tsare sai aka sake kashe wata mace. Maigret ya gane cewa ɗaya daga cikin matan nan biyu ce ta aikata don ta wanke shi. Daga ƙarshe asirin matarsa ya tonu, domin ita ce ta san launin rigar wadda aka kashe.

4.0 Ra'ayoyin Masu Karatu

Idan aka dubi abin da masu karatu kan faɗa a kan littafin, ana iya kasa shi gida uku.

Kashi na farko su ne waɗanda suka saba da littattafan Agatha Christie, inda ake jera waɗanda ake zargi, a ɓoye mai laifi sai a shafukan ƙarshe. Waɗannan sukan yi kukan cewa labarin yana jan ƙafa, kuma an gano Moncin tun da sauran tafiya, don haka babu wani ƙulli da mai karatu zai kwance da kansa.

Kashi na biyu kuwa abin da na farko suka kushe shi ne ya burge su. A ganinsu tambayar Simenon ita ce me ya sa mutum ya yi kisa, sanin sunan makashin kuwa mataki ne kawai. Sukan yaba da sauƙin kalmominsa, da yadda ya siffanta zafin watan Agusta a Faris, da gajiyar Maigret da fargabarsa kada tarkon ya jawo asarar rai. Shahararren marubucin nan André Gide, wanda ya sami lambar Nobel a 1947, yana cikin waɗanda suka ɗauki Simenon a matsayin babban marubuci, ko da yake ya mutu a 1951 kafin wannan littafi ya fito.

Kashi na uku sun mayar da hankali a kan matsayin mata. Sun lura cewa namiji ne ya kashe mata biyar, amma bayanin da labarin ya bayar ya karkata ga uwa da matar aure da suka danne shi. A wurinsu wannan tunani ne na zamanin da aka rubuta littafin, kuma bai kamata a haɗiye shi ba tare da tauna ba.

5.0 Darasi ga Ɗalibi

Me ya kawo wannan saɓani alhali littafin ɗaya ne? Masanin adabi ɗan ƙasar Jamus Hans Robert Jauss ya bayyana a wata lacca da ya gabatar a Jami'ar Konstanz a 1967 cewa kowane mai karatu yana tunkarar littafi da abin da yake sa ran gani, gwargwadon abin da ya karanta a baya da zamanin da yake ciki. Ke nan kashi na farko zubi da tsari suka auna, na biyu salo da halayyar taurari, na uku kuma jigo. Kowa da mudun da ya yi awo.

Saboda haka, idan ɗalibi ya ci karo da wani ra'ayi, ya yi wa kansa tambayoyi uku. Wane ɓangare na littafin ake magana a kai? Wace hujja aka kawo daga cikin matanin? Da wane littafi ake kwatanta shi, a fili ko a ɓoye? Misali, cewa an gano Moncin da wuri gaskiya ne da za a iya nunawa a matani, amma cewa hakan aibi ne ya dogara ga abin da mai karatu ya zo nema.

6.0 Kammalawa

A tawa fahimtar, kashi na farko sun auna littafin da mudun da ba nasa ba, domin sun manta cewa ƙullin ƙarshe yana tsakanin uwa da suruka. Ƙorafin kashi na uku kuwa yana da tushe a matanin, kuma ya cancanci amsa. Ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara su gwada tambayoyin nan uku a kan littafin Hausa da suke nazari a wannan zango, su rubuta hujjarsu kafin su yanke hukunci.