Koyon Turanci: Kalmar "Only" a Kan Rasit

Darasin wannan wata a kan kalma ɗaya ne mai baƙaƙe huɗu: only. Ana furta ta "onli". Ma'anarta kawai, ko kaɗai, ko kacal.

Manomin Babban Duhu da ya kai gero kasuwar Batsari, ko ya sayi taki a Safana, in aka ba shi rasit da Turanci zai ga an rubuta kuɗin sau biyu, da lambobi da kuma kalmomi. Misali: Five thousand naira only. Wato naira dubu biyar kacal. Kalmar tana zuwa a ƙarshe don ta rufe layin, kamar yadda ake ɗaure bakin buhu. In ba ta nan, mai son zuciya zai iya cusa wani abu a filin da ya rage. Haka ake yi a cakin banki ma.

A rasit na Hausa haɗarin ya fi yawa, domin adadin ne ke zuwa a ƙarshe. Wanda ya rubuta "naira dubu biyar" ya ɗaga biro, ya bar ƙofa a buɗe. Wani zai iya ƙara "da ɗari tara", kuma takardar ta zama shaida a gaban mai gari ko alƙali. Don haka a rubuta "naira dubu biyar kacal", sannan a ja layi har ƙarshe.

Asalin kalmar daga tsohon Turancin Ingila ne, fiye da shekara 1,000 da suka wuce. A lokacin ana cewa anlic. An na nufin ɗaya, lic kuma na nufin kamar. Wato abin da yake ɗaya, babu na biyunsa. Daga an ɗin nan ne aka sami one, wadda yau ake furtawa "wan". Bature da wannan kalma guda yake yawancin aikinsa. Bahaushe kuwa ya fi shi wadata a nan: ɗaya tak, biyu rak, uku kacal.

Ba a kan kuɗi kaɗai ake ganinta ba. A ƙofar wani ɗaki a asibiti akan rubuta Staff only, wato ma'aikata kaɗai ke shiga. Wadda ta fi muhimmanci ita ce ta jikin kwalbar magani: For external use only. Wannan maganin shafawa ne kawai, ba a sha, ba a ɗura wa yaro. Wanda ya ga haka ya ajiye kwalbar nesa da magungunan sha.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya nemo tsohon rasit ko kwalin magani, ya duba ko akwai only a jiki, ya kawo wa malamin aji. Sannan ya rubuta ₦3,500 da kalmomin Hausa, ya rufe layin yadda ya kamata.