Kafin Ka Sayi Na'urar Karanta Littafi: Darasi Ga Ɗalibin Hausa

A zangon karatun da ya wuce mutum uku daga cikin 'yan aji ɗaya sun tambaye ni ko ya kamata su sayi na'urar karanta littafi, domin sun taɓa ganina da irinta. Na ga ya fi kyau in ba da amsar a wannan mujalla tamu, tunda ni na riga na yi asarar kuɗi da maki kafin in fahimci abin.

Dukanmu mun san dalilin da ke jawo wannan tunani. A nan kudu littattafan Hausa ba su cika kasuwa ba. Sai dai ka yi sautu wurin mai zuwa Kano ko Zariya, ko ka jira kwafi ɗaya tak da ke laburare ya zagayo kanka. Saboda haka yawancin karatunmu a waya muke yin sa, ita kuwa waya ga cin caji, ga saƙonni masu raba hankali, ga ciwon ido.

Na'urar karanta littafi ta bambanta da waya ta wajen fuskarta. A cikin fuskar akwai ƙananan ƙwayoyi farare da baƙaƙe, lantarki ne ke tura su sama ko ƙasa su fitar da rubutu. Idan shafi ya fito, zai zauna ba tare da cin wuta ba, sai an buɗe wani. Shi ya sa caji ɗaya kan yi makonni, kuma ana iya karatu da ita a tsakiyar rana kamar takarda. Kamfanin Sony ya fitar da irinta a Japan a 2004, Amazon ya fito da Kindle a 2007, Kobo ta biyo baya a 2010. Amma masu ƙera su ba da ɗalibin Hausa a zuciya suka yi aikin ba, kuma nan ne matsalata ta faro.

Matsalar ƙugiya

Ina aji biyu na haɗa kuɗin da na tara da wanda yayata ta ba ni, na sayi wata tsohuwar na'ura a kasuwar wayoyi, irin wadda muke kira tokumbo. Mai shago ya buɗe min littafin Turanci, rubutu ya fito tsaf, na biya. Da na koma ɗaki na zuba takardun Hausa, sai na ga duk inda ɓ ko ɗ ko ƙ take, wani ɗan akwati ne ya tsaya a gurbinta. Zubin haruffan da ke cikin na'urar bai san baƙaƙe masu ƙugiya ba.

Sai na yi dabarar da nake roƙon kada kowa ya yi. Na je kwamfuta na mayar da kowace ƙ ta zama k, kowace ɗ ta zama d, kowace ɓ ta zama b. Akwatuna suka ɓace, na yi ta karatu har ƙarshen zango. Bahaushe haihuwa zai iya karanta irin wannan rubutu ba tare da tuntuɓe ba, domin kalmomin suna kunnensa tun yana goye. Ni kuwa da Yarabanci na tashi, harshen da ba shi da waɗannan sautuka, ƙugiyar nan ita ce sandar jagorata. Ranar jarrabawar baka, malam ya ce in ba da labarin abin da na karanta. Na zo wurin da mota ta wuce ƙura ta tashi, na ce kura ta tashi. Malam ya tambaye ni ko kurar ta kama wani. Aji ya fashe da dariya, maki kuma ya tafi. Daga baya na zauna na lissafa irin waɗannan tagwayen kalmomi: kafa da ƙafa, baki da baƙi, kare da ƙare, bata da ɓata, daki da ɗaki. Sai da na sake koyon kalmomi da yawa daga tushe.

Maganin kuwa yana nan. Na'urorin Kobo suna karɓar sabon zubin haruffa, Kindle ma ta fara karɓa tun 2018. Ƙungiyar SIL tana ba da zubi kyauta irin su Charis da Gentium da Andika, waɗanda ke ɗauke da duk baƙaƙenmu manya da ƙanana, har da ƴ da ake amfani da ita a rubutun Nijar a inda mu muke rubuta 'y. Mai darasin tsarin sauti ya ƙara lura da alamomin karin sauti da na tsawon wasali. Wasali mai tsawo kuma mai karin ƙasa yakan ɗauki alama biyu, ɗaya a kan ɗaya, kuma zubi mara kyau yakan ture ta biyun ta faɗa kan harafin da ke gaba.

A nan sai a yi wa na'ura adalci. Labarai da yawa da ke yawo a intanet tun asali babu ƙugiya aka buga su a waya. Babu na'urar da za ta maido da abin da marubuci bai sa ba.

Girman fuska

Abu na biyu shi ne nau'in fayil. Fayil na EPUB rubutu ne mai bin girman fuska: ka ƙara girman haruffa, layuka su sake jeruwa. Fayil na PDF kuwa shafi ne a kafe, kuma mafi yawan abin da muke samu na Hausa hoton tsofaffin shafuka ne. Ɗauki ƙamusun Bargery na 1934, mai shafi fiye da 1,000 da ƙananan haruffa. Fuska mai inci 6 ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na takardar A4 ba. Da na buɗe shi a tawa, sai na riƙa jan shafi hagu da dama, ita kuma irin wannan fuska tana da nawa wajen sauyawa. Neman kalma ɗaya sai ya ci minti biyar. Fuska mai inci 10 ta kai kusan rabin A4, tana ɗaukar shafin littafi ɗungurungum, amma kuɗinta ya ninka na ƙaramar. Rubutun ajami ma galibi a hoto yake zuwa, don haka hukuncinsa ɗaya ne da wannan.

Kada kuma tallar ƙamus na cikin na'ura ta ruɗe ka. A duk waɗanda na taɓa riƙewa na ga na Turanci da Faransanci da Jamusanci, ban ga na Hausa ba.

Akwai kuma batun mallaka. Dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da labaransu, ya rufe a ƙarshen 2023. Littafin da ke zaune a cikin manhajar wani kamfani kawai, rayuwarsa tana hannun kamfanin. Zaɓi na'urar da za ka iya haɗawa da kwamfuta ta igiya ka zuba fayilolinka da kanka, ka kuma ajiye kwafi a wani wuri. Manhajar Calibre kyauta ce, tana wannan aiki, tana kuma juya fayil daga wani nau'i zuwa wani.

To, wacce za a saya? Buɗe wayarka ka ƙirga abin da malamai suka ba ka a zangon nan. Idan fiye da rabi PDF ne, a ganina ƙaramar na'ura ɓarnar kuɗi ce, gara ka nemi tabulet mai sauƙin kuɗi ko ka jira ka tara na babba. Idan kuwa ƙagaggun labarai ka fi karantawa kuma kana iya samun su a EPUB, mai inci 6 ta wadatar, ko da tokumbo ce, muddin tana karɓar sabon zubi.

Ranar saye, tafi da fayil biyu a wayarka da igiyar haɗawa. Na farko shafi ɗaya na ƙamus. Na biyu wannan jumla: Ɓarawo ya ɗauke ƙwarya a Ɗakin Ƙasa, ya ɓoye wa 'yar'uwata. Ka sa mai shago ya buɗe su a gabanka kafin ka ciro kuɗi. Tawa dai na sayar wa wata ƙawata da ke sashen Turanci, kuma har yau ba ta taɓa ganin akwati ko ɗaya a cikinta ba.